Taurin Hanta Da Ciwon Dajin Hanyar Matsarmama

Daga wakilinmu a Lafiya

Duk wanda ya taɓa yin sammako ya je kwata a Lafiya, ya tsaya inda a ke feɗe shanu, ya san ba da ido kaɗai mahauci ya ke duban hanta ba. Ya kan danna ta da yatsa tukuna, sa'an nan ya sa wuƙa. In lafiyayya ce, wuƙa ta kan wuce sulul ba wani cikas. In kuwa saniyar ta daɗe tana kiwo a fadama, ta kwashi tsutsar nan mai faɗi kamar ganye wadda ke zama cikin hanta, sai ka ji wuƙa tana ƙaras-ƙaras, ka ga waɗansu fararen abubuwa masu kauri kamar jijiya sun ratsa naman, wani sa'i har da 'yar tsakuwa a cikinsu. Waɗannan su ne hanyoyin ruwan matsarmama, waɗanda tsutsa ta daɗe tana gurza har suka yi kanta suka ƙandare. Malamin dabbobi in ya gani, sai ya sa a yanke wurin, ko kuma a zubar da hantar ɗungum.

To, abin da yatsan mahauci ke ji daga waje, ashe ƙananan ƙwayoyin halittar da suka haɗu suka yi hantar, su ma suna jinsa daga ciki. Suna rarrabe taushi da tauri, suna jin matsi, suna jin gudun ruwa, kuma abin da suka ji ya kan sauya musu hali. Wannan shi ne abin da masana suka yi ta bankaɗowa tun daga wajen 2005, kuma ya fara warware wani ƙulli da ya daɗe yana damun likitoci, watau dalilin da ya sa ciwon daji na hanyar matsarmama ya ke yawan tsirowa inda hanta ta yi tabo, ko inda hanya ta toshe. Maganar ta shafe mu a jihar Nasarawa, domin cututtukan da ke sa hantar mutum ta yi tabo suna nan jibge a tsakaninmu.

MAGUDANAI CIKIN HANTA

Nauyin hantar babban mutum ya kan kai kilo ɗaya da rabi. Cikin ayyukanta masu yawa akwai yin ruwan nan mai ɗaci, mai launin kore-kore, wanda ke taimaka wa hanji wajen narkar da maiƙo, ya kuma fitar da dattin jini. Kullum ta Allah hanta tana yin rabin lita ko fiye da haka. Ruwan ya kan bi ta waɗansu hanyoyi sirara ƙwarai, waɗanda ke haɗuwa su zama manya, kamar yadda ƙananan ƙoramu ke zuba cikin Mada, Mada ta zuba cikin Binuwai. Daga ƙarshe hanyoyi biyu, ta dama da ta hagu, su ke fitowa daga ƙofar hanta su zama ɗaya, ta gangara zuwa hanji. Ita jakar matsarmama, wadda mata ke kaffa-kaffa da ita in suna gyaran kaza don kada ta fashe ta ɓata miya, rumbu ce kawai a gefen hanya.

Cikin waɗannan hanyoyi an yaɓe shi da wani irin ƙwayoyin halitta na musamman. Ba su da yawa, ba su wuce kashi 3 zuwa 5 cikin 100 na ƙwayoyin hanta ba, amma aikinsu babba ne: su ke ƙara wa matsarmama ruwa da wani gishiri mai kama da kanwa, don ta tsinke ta gudana, kada kuma kaifinta ya ci bangon hanyar. In waɗannan ƙwayoyi suka kangare suka shiga hayayyafa ba linzami, shi ne ciwon da likitoci ke kira kolanjiyokasinoma.

Shi ne na biyu cikin ire-iren ciwon dajin da ke farawa daga hanta, wajen kashi 15 cikin 100. Na farko, wanda ya fi addabar ƙasarmu nesa ba kusa ba, shi ne wanda ke kama naman hantar kansa. Shi na hanyar matsarmama ya kan tsiro can cikin hanta, ko a ƙasa kusa da hanji, amma galibi ya fi son mararrabar nan ta ƙofar hanta. Wani likita na Jami'ar Yale a Amurka, Gerald Klatskin, shi ya yi cikakken bayanin na mararraba a 1965, har yau kuma da sunansa a ke kiransa.

Mugun halinsa shi ne shiru. Ya kan yi watanni yana girma mutum bai sani ba, sai ran da ya toshe hanya ido ya yi ɗorawa. A lokacin nan masu ciwon da a ke iya yi wa fiɗa a cire shi ba su kan wuce ɗaya cikin uku ba, alhali kuwa fiɗa ce babbar hanyar warkewa. Wani hali nasa kuma, wanda shi ne ya jawo wannan bayani, shi ne tauri. Likitan fiɗa in ya taɓa shi, sai ya ji kamar guringuntsi. In aka yanka aka duba da madubin likita, sau da yawa sai a tarar tabon da ke kewaye da ƙwayoyin ciwon ya fi su kansu yawa. Shekara da shekaru an ɗauka wannan tabo shara ce kawai da ciwo ya bari a bayansa.

ƘWAYA TANA TAƁA ƘASA

A da, abin da aka koya wa ɗalibai shi ne ƙwayar halitta da sinadari kaɗai a ke yi mata magana: jini ya kawo mata wani sinadari, ta karɓa, ta aikata. Gwajin da ya fi girgiza wannan fahimta an buga shi a 2006, daga ɗakin binciken Dennis Discher a Jami'ar Fensilbeniya. Sun ɗebo ƙwayoyi daga ɓargon mutum, irin waɗanda ba su riga sun zaɓi sana'a ba, watau suna iya zama ƙashi, ko tsoka, ko wani abu dabam. Suka raba su kashi uku, suka ba su abinci iri ɗaya, sai dai shimfiɗar da aka ɗora su a kai ta bambanta. Ta fari taushinta kamar ƙwaƙwalwa, ta biyu kamar tsoka, ta uku mai tauri kamar ƙashin da ya fara ƙosawa. Bayan 'yan kwanaki sai na kan shimfiɗa mai taushi suka fara ɗaukar kamannin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, na tsakiya suka nufi zama tsoka, na kan mai tauri suka nufi zama ƙashi. Ba wanda ya gaya musu kome. Ƙasar da suka taka ita ta gaya musu.

Yaya ƙwaya ta ke sanin taurin wuri, ba ta da hannu ba ta da ƙafa? Mai karatu ya tuna yadda ya ke gane turken da aka kafa da kyau: kama shi ya ke yi ya jijjiga. Haka ita ma. A jikin fatarta akwai waɗansu ƙugiyoyi, sunansu intagirin, waɗanda ke saƙale da zaren da ke kewaye da ita. Daga ciki kuma akwai igiyoyi masu iya tsukewa, danginsu ɗaya da na tsokar dantse. Kullum ƙwaya tana jan waɗannan igiyoyi. In wurin mai taushi ne sai ya biyo ta, igiya ta saki. In mai tauri ne sai ya ƙi, igiya ta ɗaure tamau, ƙwaya ta baje ta yi faɗi, ta ƙara ƙugiyoyi, ta ƙara ja.

Saura a san yadda labarin wannan ja ke isa cibiyar ƙwaya, inda a ke ajiye da rubutun gado mai ba da umarni. A 2011 ƙungiyar Stefano Piccolo a Jami'ar Faduwa ta ƙasar Italiya ta nuna manzannin. Furotin ne guda biyu, wa da ƙane, a ke ce musu YAP da TAZ. Muddin ƙwaya tana zaune bisa wuri mai taushi, a takure cikin 'yan'uwanta, su kan tsaya a waje, a riƙa rushe su. Da zarar wuri ya yi tauri igiyoyi sun ɗaure, sai su kutsa cikin cibiya su ba da umarni iri uku: a hayayyafa, kada a mutu, a tashi a yi tafiya. Wanda ya san halin ciwon daji ya san waɗannan uku su ne jarinsa.

Ƙarfin YAP a hanta ba abin wasa ba ne. A 2007 masu bincike a Jami'ar Johns Hopkins sun kunna shi da gangan a hantar ɓera, cikin 'yan makonni hantar ta ninka girmanta har wajen sau biyar. Da suka kashe shi sai ta koma yadda ta ke, da suka bar shi a kunne kuwa sai ciwon daji ya fito. Tsarin da ke riƙe da linzamin YAP, Turawa da sunan dorina su ke kiransa, saboda a jikin ɗan ƙaramin ƙudan nan mai bin ruɓaɓɓen mangwaro aka fara gano shi, in ya lalace sai kan ƙudan ya kumbura ya yi naɗe-naɗe kamar na dorinar ruwa. Masana ma su kan yi raha.

GASHI ƊAYA DA ƘOFAR MATSI

Ƙwayoyin hanyar matsarmama sun fi yawancin 'yan'uwansu bukatar wannan ji, domin a bakin ruwa su ke zaune. Ban da ƙugiyoyin da muka ambata, suna da waɗansu kayan aiki biyu.

Na farko gashi ne guda ɗaya tak, siriri, wanda ya fito daga kan kowace ƙwaya ya miƙe cikin ruwan, kamar karan da aka kafa a tsakiyar rafi. A 2006 ƙungiyar Nicholas LaRusso a asibitin Mayo da ke jihar Minesota ta Amurka ta nuna cewa in ruwa ya gudana ya lanƙwasa wannan gashi, sai sinadarin kalsiyam ya ƙaru cikin ƙwayar, ta haka ta ke sanin ana gudu ko an tsaya, ta daidaita ruwan da za ta ƙara. Har ila yau gashin birki ne. Ƙwaya ba ta rabuwa biyu sai ta janye shi tukuna, kuma muddin yana tsaye yana danne waɗansu saƙonnin hayayyafa. A 2013 Sergio Gradilone da abokan aikinsa, a wannan asibiti dai, suka ba da rahoton cewa ƙwayoyin ciwon dajin hanyar matsarmama galibi sun rasa gashin nan. Da suka cire shi daga lafiyayyun ƙwayoyi sai suka shiga hayayyafa fiye da kima. Da suka ba ƙwayoyin ciwon wani magani mai hana rushe gashin, sai ya sake tsirowa, girman ciwon kuma ya ragu a jikin dabbobin gwaji.

Na biyu ƙofa ce a jikin fatar ƙwaya wadda ba ta buɗewa sai fatar ta miƙe. Makaɗin kalangu in ya matse tsarkiya a hammata fatar ta ɗaure, sai murya ta sauya. To, kusan haka ne. Ardem Patapoutian da Bertrand Coste, a cibiyar bincike ta Scripps da ke Kalifoniya, su suka gano ta a 2010, bayan sun jera rubutun gado 72 da su ke zato, suna kashe su ɗaya bayan ɗaya suna tsokanar ƙwayar da ɗan tsinken gilashi, har suka kai ga wanda in babu shi ƙwaya ba ta jin tsokana. Suka raɗa wa ƙofar suna Piezo1, daga kalmar Girkanci mai nufin matsi. Wannan aiki ne ya sa aka ba Patapoutian kyautar Nobel a 2021, tare da David Julius. An sami wannan ƙofa a ƙwayoyin hanyar matsarmama, kuma a 2021 waɗansu masu bincike a ƙasar Sin sun ba da rahoton cewa buɗe ta yana tura YAP cikin cibiya, ya sa ƙwayoyin ciwon su ƙara yaɗuwa.

Yanzu sai mai karatu ya auna abin da ke faruwa in hanya ta toshe, ko da tsakuwa, ko da tsutsa, ko da tabo. Hanta ba ta daina yin ruwa nan da nan. Ruwa ya taru, hanya ta kumbura, bangonta ya miƙe, ƙofofin matsi su buɗe su ƙi rufuwa. Gudu ya tsaya, gashi ya daina kaɗawa. Ruwan da ya kwanta kuma kaifi gare shi, yana cin bango yana jawo kumburi. Abin da jiki ya sani a irin wannan hali shi ne ya ce wa ƙwayoyin bango su hayayyafa su buɗe sababbin hanyoyi, YAP kuwa na cikin masu kai wannan umarni. In toshewar ta kwana biyu ce, dabara ce mai kyau. In ta shekara goma ce, an bar ƙwayoyi ke nan suna ta rabuwa cikin ruwa mai guba, kowace rabuwa kuwa dama ce ta a yi kuskure wajen kwafar rubutun gado. Masu gwaji da ɓeraye sun ga haka da idonsu: in aka dasa ƙwayoyin wannan ciwo a hanta aka kuma ɗaure hanyar matsarmama, ciwon ya fi saurin girma.

MASAƘAN DA BA SU GAJIYA

Daga ina taurin ke zuwa? A cikin hanta akwai waɗansu ƙwayoyi masu siffar tauraro, waɗanda a zaman lafiya aikinsu ajiyar bitamin A ne. In hanta ta ji rauni sai su farka su zama masaƙa, su shiga saƙa zaren kolajin don ɗinke wurin. Kolajin ba baƙo ba ne ga kowa, shi ne abin da ke sa ganda da ƙafar saniya su yi danƙo in sun dahu. Rauni ɗaya, ɗinki ɗaya, ba laifi. Amma in raunin kullum ne, sai saƙa ta hau kan saƙa, wani sinadari kuma ya bi yana ƙulla zare da zare har wurin ya zama kamar ƙirgi.

Abin takaici, su masaƙan nan ma da taurin su ke aiki. In aka ɗora su bisa shimfiɗa mai taushi su kan kwanta, in aka ɗora su bisa mai tauri sai su tashi su kama saƙa. Ƙungiyar Rebecca Wells a Fensilbeniya ta nuna a 2007 cewa hantar ɓera ta kan fara tauri tun kafin tabo ya bayyana sosai. Ke nan tauri na kiran masaƙa, masaƙa na ƙara tauri. In kuma ƙwayar ciwon daji ta samu a tsakiyar wannan, sai ta riƙa aika musu da sinadarin kira, su kuma suna ciyar da ita da sinadarin girma. Zaren da suka miƙar ya zame mata turba ta bi ta shiga jijiyoyi. Ƙullin ya matse ƙananan hanyoyin jini, maganin da aka ɗura wa majiyyaci ya kasa isa ciki yadda ya kamata.

Nan ne fa ya kamata a yi hattara, don kada daɗin bayani ya kwashe mu. Mai hankali zai ce, to, ai sai a narkar da tabon a huta. An gwada. A 2021 Silvia Affo da Robert Schwabe na Jami'ar Kolombiya a birnin New York suka buga wani bincike da ya sa kowa ya sake zama. Da suka kawar da masaƙan daga hantar ɓeraye masu wannan ciwo, ciwon ya ragu ƙwarai, watau lalle suna taimakonsa. Amma da suka bar masaƙan suka hana su yin babban nau'in kolajin kaɗai, taurin ya ragu, ciwon kuwa bai fasa girma ba. Abin da suka tarar yana ciyar da shi, wani sinadarin girma ne da masaƙan ke fitarwa, da kuma wani abu mai yauƙi mai shan ruwa da a ke kira hayaluronan. Haka kuma wani magani mai suna simtuzumab, wanda aka yi musamman don hana ƙulla zaren tabo, an gwada shi ga masu wata cuta mai ƙandarar da hanyoyin matsarmama, bai amfane su ba.

A ganina, abin da wannan ke nunawa shi ne tauri ɗaya ne daga cikin muryoyin da ƙwaya ke saurare, kuma ya fi tasiri tun da fari, lokacin da a ke share fage, fiye da bayan ciwo ya kafu ya sami waɗansu hanyoyin ci. Har yanzu maganin da a ke ba wanda ciwonsa ya wuce fiɗa bai taka kara ya karya ba. Gwajin da aka yi a Ingila aka buga a 2010 ya nuna haɗa gemcitabine da cisplatin ya kai matsakaicin kwanan majiyyata wata 11.7, maimakon 8.1. Ƙarin durvalumab a 2022 ya ɗan matsa da shi gaba kaɗan. Ribar watanni ce a ke ƙirgawa, kuɗinta kuwa ya fi ƙarfin talaka.

INA MUKA TSAYA A NASARAWA?

Inda wannan ciwo ya fi yawa a duniya shi ne arewa maso gabashin ƙasar Tailan, wajen lardin Khon Kaen, inda a kan sami har mutum 85 cikin kowane 100,000 a shekara, alhali a ƙasashen Turai ba ya wuce 'yan ƙalilan. Dalili kuwa wata tsutsar hanta ce da a ke ɗauka wajen cin ɗanyen kifi, ta shiga hanyar matsarmama ta yi shekaru tana gurza bango tana toshe ruwa. Hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sa ta cikin tabbatattun masu jawo ciwon tun 1994. Wannan tsutsa babu ita a kogunanmu, mu kuma ba mu cin ɗanyen kifi. Ita ma ta shanunmu da muka fara da ita, dabam ta ke. Ta kan kama mutum jefi-jefi in ya ci ɗanyen ganyen bakin ruwa, ba ta hanyar dafaffen nama ba, kuma ba ta cikin waɗanda aka tabbatar suna jawo ciwon daji. Kada wani ya ƙaurace wa tsire saboda wannan rubutu.

Namu abin tsoron shi ne ciwon hanta nau'in B da nau'in C, ƙwayoyin bairos masu zama cikin hanta shekara 20 ko 30 suna yi mata rauni a ɓoye, masaƙa suna bi suna ɗinki. Babban binciken da Gwamnatin Tarayya ta gudanar a 2018 ya nuna kashi 8.1 cikin 100 na 'yan Nijeriya masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da nau'in B, kashi 1.1 kuma nau'in C. Jihar Nasarawa tana cikin inda abin ya fi tsanani, shi ya sa a watan Fabrairu na 2020 Gwamna Abdullahi Sule ya ba da sanarwar shirin shekara biyar na kawar da nau'in C, da niyyar yi wa mutum 124,000 magani. Asibitin Dalhatu Araf yana cikin wuraren da aka fara wannan aiki.

Galibin ciwon dajin da waɗannan cututtuka ke haifarwa na naman hanta ne. Amma wani nazari da aka buga a 2012, wanda ya tattara binciken ƙasashe da dama, ya nuna mai ɗauke da nau'in B ko C haɗarin kamuwarsa da ciwon dajin hanyoyin matsarmama na cikin hanta ya ninka na sauran mutane wajen sau biyar, wanda hantarsa ta riga ta ƙandare kuwa ya haura sau 20. Gaskiya ne da yawa daga masu wannan ciwo ba a samun wani dalili a tare da su. Duk da haka, cikin dalilan da aka sani, wannan ne ya fi kusa da ƙofar gidanmu.

Akwai kuma al'adarmu game da shawara. Da ido ya yi ɗorawa, sai a jiƙa saiwar rawaya, a hana mutum mai da nama, a jira. Sau da yawa shawarar ta kan wuce don kanta, jiƙo ya sha yabo. Amma akwai shawarar da toshewa ke kawowa, ita kuwa tana da alamunta: fitsari ya yi duhu kamar shayin da ba madara, bayan gida ya yi fari-fari kamar farar ƙasa, jiki ya yi ta ƙaiƙayi har ya hana barci, mutum yana ramewa, sau da yawa kuma ba zazzaɓi ba ciwon ciki. In dattijo ko dattijuwa suka nuna haka, hoton ciki a ke bukata cikin makon nan, domin na'urar sikanin ta kan nuna hanyoyin da suka kumbura. Wataƙila tsakuwa ce, a cire a huta. In kuwa ɗayan ne, kowane mako da aka ɓata wajen jiƙo yana rage damar fiɗa. Ba jiƙon da ke buɗe hanyar da ƙulli ya toshe.

Shi kansa taurin yanzu ana auna shi ba tare da an tsaga mutum ba. Tun 2003 aka fito da wata na'ura a Faransa, FibroScan, wadda a ke ɗorawa tsakanin haƙarƙari ta ɗan bugi hanta, ta auna saurin da girgizar ke ratsa ta, da ma'aunin da a ke kira kilofaskal. Lafiyayyar hanta ta kan nuna wajen 5. In aka haura 12 zuwa sama, likita ya kan yi zaton ta ƙandare. Aikin yatsan mahauci ne aka mayar lissafi. Waɗansu manyan asibitocin ƙasar nan suna da ita, ko da ya ke ba ta wadatu ba.

Abin da ya fi ba da ƙarfin gwiwa shi ne tabon hanta ba dutse ba ne. In aka kawar da abin da ke yin raunin, masaƙa su kan kwanta, jiki ya shiga warware saƙar sannu a hankali. Nau'in C yanzu ana warkar da shi da ƙwayoyin sha na mako 12, fiye da mutum 95 cikin 100 su kan rabu da shi. Nau'in B ba a raba mutum da shi kwata-kwata tukuna, amma ana danne shi, kuma akwai allurar rigakafinsa cikin jerin alluran yara na ƙasar nan tun 2004, wadda a ke so a yi wa jariri ta farko cikin awa 24 da haihuwa. A wani bincike da aka buga a 2013, an bi masu nau'in B da ke shan tenofovir har shekara biyar, ana ɗibar ɗan tsokar hantarsu ana dubawa kafin a fara da kuma bayan an gama. Mutum 96 ne hantarsu ta riga ta ƙandare tun farko. Da shekara biyar ta cika, 71 daga cikinsu an tarar ta sauko daga wannan matsayi.